Tsakanin Israfi da Rowa: Kasafin Abincin Iyali a Dandalin Shaƙatawa

Daga cikin mas'alolin da ake yi wa kallon ƙanana, alhali suna taɓa tushen tarbiyya da hukuncin dukiya, akwai mas'alar abin da ya dace magidanci ya kashe wajen ciyar da iyalinsa idan ya kai su hutu dandalin shaƙatawa. Abin da ake nufi da dandalin shaƙatawa a nan shi ne katafaren fili mai katanga da ƙofar shiga, wanda aka cika da lilo da jiragen wasa da gidajen kallo da gidajen abinci, aka kuma tsara kowane sashe nasa a kan wani labari ko wata ƙasa ko wani zamani, ta yadda mai shiga zai ji kamar ya bar duniyar da ya sani. Tambayar da ke gaban mai nazari ita ce ko ƙididdige kuɗin abinci a irin wannan wuri rowa ce da ke rage wa iyali jin daɗi, ko kuwa barin ƙididdigar ne israfi, sannan da wane ma'auni za a rarrabe tsakanin biyun a wurin da farashin kowane abu ya fi na waje.

Yadda aka tsara ci da sha a wurin

Misalin da ya fi bayyana mas'alar shi ne Walt Disney World da ke kusa da birnin Orlando a jihar Florida ta Amurka, wanda aka buɗe ranar 1 ga Oktoba 1971, shekara 16 bayan buɗe Disneyland a California a 1955. Faɗin ƙasar wurin ya kai kusan murabba'in kilomita 100, kuma a cikinsa akwai manyan dandaloli huɗu, wato Magic Kingdom da EPCOT da Hollywood Studios da Animal Kingdom, ga kuma otal-otal masu yawa, don haka iyalin da suka sauka a can suna iya yin kwanaki ba su taka kasuwar gari ba. Kuɗin shiga na babban mutum a shekarar buɗewa dala 3.50 ne, ban da kuɗin hawa kayan wasa, amma tun 2015 tikitin yini ɗaya na Magic Kingdom ya haura dala 100. A lissafin wurin, yaro shi ne ɗan shekara 3 zuwa 9, wanda kuwa ya cika 10 kuɗin manya yake biya, a ƙofa da kuma a gidajen abincin da ke da tsayayyen farashi.

Gidajen abincin iri biyu ne a dunƙule. Akwai waɗanda mutum zai bi layi ya biya ya ɗauki farantinsa, su ne masu sauƙin kuɗi, akwai kuma waɗanda za a zaunar da shi ma'aikaci ya kawo masa, waɗanda ake kama gurbi a cikinsu tun kwana 60 kafin ranar, kuma a wasunsu mutane sanye da kayan taurarin zane-zanen kamfanin Disney ne ke zagayawa suna gaisawa da yara. A irin na biyu, farashin da ke rubuce ba shi ne ƙarshen biya ba, domin ana ɗora harajin sayayya na kashi 6.5 cikin ɗari a mafi yawan sassan wurin, ga kuma tukuicin ma'aikaci, wanda al'adar Amurka ta mayar kamar wajibi, ake ma rubuta kashi 18 cikin ɗari kai tsaye a takardar biya idan masu cin sun kai shida. Saboda haka abincin dala 200 yakan tashi kusan dala 249 kafin a miƙe daga tebur. Duk da haka dokar wurin ta yarda baƙo ya shiga da guzurinsa da abin sha marar bugarwa, muddin ba a cikin kwalba suke ba kuma ba su buƙatar ɗumamawa, sannan wuraren sayar da abinci na layi suna ba da kofin ruwan sanyi kyauta ga wanda ya nema. Wannan izini yana da nauyi a hukunci, domin shi ne ya sa sayen abinci mai tsada ya zama zaɓi, ba tilas ba.

Ma'aunin shari'a

Alƙur'ani ya kafa ma'aunin ciyarwa a wurare da dama. Aya ta 67 ta Suratul Furƙan ta siffanta bayin Allah na ƙwarai da tsayawa tsaka-tsaki tsakanin wuce iyaka da ƙuntatawa, aya ta 31 ta Suratul A'araf ta haɗa izinin ci da sha da hani ga israfi a jumla guda, aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ kuwa ta ɗora wa mai yalwa ciyarwa gwargwadon yalwarsa, mai ƙaramin ƙarfi kuma gwargwadon abin da aka ba shi. Malamai sun bambanta israfi da tabziri, wato almubazzaranci, inda da yawansu suka ce israfi shi ne kashe dukiya a abin da ya halatta fiye da gwargwadon da ya dace, tabziri kuwa kashe ta a abin da bai dace a kashe ta a kansa ba tun asali. Kishiyar su biyun ita ce taƙtiri, wato ƙuntata wa waɗanda ciyar da su ya rataya a wuyan mutum alhali yana da hali. Da yake abinci halal ne kuma shaƙatawa halal ce, kamar yadda tsayuwar Annabi (SAW) tare da Nana A'isha tana kallon wasan Habashawa a masallaci ta nuna, mas'alar tana tsakanin israfi da taƙtiri ne, wato mas'alar gwargwado.

Shari'a ba ta yanke wa gwargwadon nan adadi ba. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Halil, ana auna nafaƙa, wato ciyarwar da ta wajaba a kan miji, da ƙarfinsa da matsayin matar da halin gari da farashin kaya, kuma wannan ya yi daidai da hukuncin da aka ba Hindu 'yar Utba lokacin da ta kai ƙarar riƙon hannun mijinta Abu Sufyan, inda aka mayar da ita ga abin da zai ishe ta da 'ya'yanta bisa ma'arufi, wato abin da mutanen kirki suka sani a matsayin daidai. Abin da ke fitowa daga nan shi ne farashin faranti shi kaɗai ba ya tabbatar da israfi, domin dala 60 da attajiri ya biya don 'yarsa ta ci abinci tana gaisawa da tauraruwar labarin da take so ba ta taɓa haƙƙin kowa ba, alhali wannan adadin a hannun wanda ya bar kuɗin haya da kuɗin makaranta a baya ya ci haƙƙin da ya fi shi ƙarfi. Aristotle ma, a littafi na huɗu na aikinsa kan halayen ƙwarai, ya sanya kyauta tsakanin almubazzaranci da rowa, ya kuma ce ana auna ta da abin da mai bayarwa ya mallaka, ba da yawan abin da ya bayar ba.

Imam Shaɗibi, wanda ya rasu a 1388, ya yi bayanin matakai uku na maslaha a cikin littafinsa Muwafaƙat, kuma su ne suka fi taimakawa wajen tsara kasafin irin wannan tafiya. Laruriyyat su ne abubuwan da rayuwa ba ta tsayuwa sai da su, hajiyyat su ne waɗanda rashinsu ke jawo ƙunci da wahala, tahsiniyyat kuwa su ne na ƙawa da ƙarin daɗi. Tafiyar gaba ɗayanta tana cikin mataki na uku, amma da zarar an shiga wurin, sauran matakan sukan sake bayyana a cikinta, domin ruwan sha ga yaron da ya yini yana tafiya a zafin Florida larura ne, abincin rana mai ƙosarwa da wurin zama a inuwa buƙata ne, askirim da gugguru da cinyar talotalo da ake sayarwa a gefen hanya kuwa ƙawa ne. Ƙa'idar ita ce ba a taɓa mataki na sama don a biya na ƙasa, saboda haka uban da ya saya wa yara kayan ƙwalama tun da hantsi har kuɗin abincin dare ya gaza ya juya jerin, haka ma wanda ya hana su ruwa da abinci don kuɗin tsaraba su cika.

Dalilin da ya sa lissafi ke gudu a wurin

Abin da ya bambanta dandalin shaƙatawa da kasuwa shi ne an tsara shi ta yadda kashe kuɗi ba zai yi wa mai kashewa ciwo ba. Masana tattalin arziki da ke nazarin halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da wannan. Richard Thaler, wanda ya sami lambar Nobel a 2017, ya nuna cewa mutane sukan raba kuɗinsu gida-gida a zuci, ta yadda abin da aka sa wa suna kuɗin hutu ake sakinsa da sauƙin da ba a sakin kuɗin cefane, alhali dala ɗaya ce. Drazen Prelec da George Loewenstein kuma sun yi bayani a 1998 cewa biya yana da zafi a rai, kuma zafin yakan ragu gwargwadon nisan da aka sa tsakanin lokacin biya da lokacin morewa. Munduwar MagicBand da kamfanin ya fito da ita a 2013 misali ce ta wannan nisa, domin wanda ya sauka a otal ɗin kamfanin yana iya taɓa ta a na'ura a rubuta kuɗin abincin a kan ɗakinsa, ba tare da ya ƙirga ko sisi da hannunsa ba, sai ranar tafiya ya ga jimillar. Idan aka haɗa wannan da gajiya da yunwa da kukan yara da tunanin cewa wataƙila ba za a sake dawowa ba, za a ga cewa shawarar da aka yanke a gaban mai sayarwa ita ce mafi raunin shawarar da magidanci zai yanke a tafiyar.

A nan ne ma'anar kasafi ta ɗabi'a take. Kasafi shi ne mutum ya yanke wa kansa hukunci a lokacin da hankalinsa ke kwance, ya ɗaure kansa da shi don lokacin da ya san sha'awa za ta fi ƙarfi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe littafi guda a cikin Ihya'u ga karya sha'awar ciki da ta farji, ya kuma yi bayani a wani wurin game da musharaɗa da muhasaba, wato mutum ya gindaya wa ransa sharaɗi da safe ya kuma yi masa hisabi da yamma kamar yadda ɗan kasuwa ke yi da abokin cinikinsa. Magidancin da ya zauna da matarsa kafin tafiya suka yanke abin da za a kashe a kowane yini, suka ware kuɗin a ambulan ko a kati mai iyakantaccen adadi, suka kuma duba da dare abin da ya tafi da abin da ya rage, wannan aikin ne yake yi a kan dukiya. Amfanin lissafin a fili yake, domin idan aka ƙaddara iyali mai mutum shida za su yi kwana biyar, kowa yana cin abincin dala 15 sau biyu a yini a cikin dandalin, jimillar za ta kai dala 900, alhali idan aka mayar da ɗaya daga cikin cin nan biyu guzuri, abin da za a biya a wurin ya koma 450, ragowar kuma ta isa ta sayi kayan guzurin har a sami rarar da za a yi zama ɗaya na musamman.

Biyan kuɗin abinci tun kafin zuwa

Kamfanin yana sayar wa masu sauka a otal-otal ɗinsa wani tsari da ake biyan kuɗin abinci a dunƙule tun kafin zuwa, wanda aka dakatar a 2020 saboda annobar korona aka kuma dawo da shi a Janairun 2024. Mai saye yana samun ƙayyadadden adadin ci da na ƙwalama gwargwadon dararen da zai kwana, tukuicin ma'aikaci ba ya ciki, kuma abin da bai ci ba yakan ƙone da ƙarewar ranar da ya bar otal. Mai karatun fiƙihu zai iya tambaya ko wannan ciniki, da kuma cinikin teburin da ake biyan kuɗi ɗaya a ci iya ci, ba su ƙunshi garari ba, wato jahiltar abin da aka saya. Amsar da ta fi ƙarfi ita ce malamai sun yafe garari kaɗan wanda mutane suka saba da shi, kuma misalin da suka saba bayarwa shi ne shiga gidan wanka da kuɗi sananne ba tare da an san yawan ruwan da mai wankan zai zuba ba. Cinikin ya inganta, matsalar tana ga abin da yake haifarwa a zuciyar mai ci.

Wanda ya riga ya biya yakan ji cewa barin abinci asara ce, sai ya ci abin da cikinsa bai nema ba don kada kuɗinsa su tafi a banza, alhali kuɗin sun riga sun tafi ko ya ci ko bai ci ba, ƙarin cin bai dawo da ko ɗaya daga cikinsu ba, sai dai ya ƙara wa asarar dukiya nauyin ciki. Wannan ya saɓa wa hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikariba da Tirmizi ya ruwaito, wanda ya raba ciki kashi uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Ga Musulmi kuma akwai ƙarin abin lura, domin tsarin ya ba wanda ya kai shekara 21 damar zaɓar giya a matsayin abin shansa, kuma wanda ba ya sha kuɗi ɗaya yake biya, ga shi kuma naman da ya halatta gare shi ya taƙaita abin da zai zaɓa. Saboda haka tsarin yana iya dacewa da iyalin da suka lissafa suka ga abin da suka saba ci ya kai kuɗin, amma wanda ya saye shi don ya huta da lissafi ya biya kuɗi ne ya sayi rashin sani.

Hujjojin masu ƙin kasafi

Masu ƙin kasafi suna da hujjoji biyu da suka cancanci amsa. Ta farko ita ce yawan lissafi ya saɓa wa tawakkali, kuma arziki na Allah ne. Wannan hujja ba ta tsayuwa, domin Suratu Yusuf ta ba da labarin tanadin shekara bakwai na yalwa don shekara bakwai na fari a matsayin hikima, kuma ya tabbata a Buhari cewa Annabi (SAW) ya kasance yana keɓe wa iyalinsa abincin shekara. Wanda ya ci bashi mai ruwa a katin banki don cin abincin hutu, yana cewa Allah zai kawo, ya haɗa riba da ɗora wa watanni masu zuwa nauyin yini biyar, kuma bashi yana cikin abubuwan da Annabi (SAW) ya yawaita neman tsari daga gare su.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, ita ce cewa hutu an yi shi ne don a saki jiki, kuma uban da ke ƙirga kowace loma yana ɓata abin da ya kashe dukiya mai yawa don samarwa. A cikin wannan akwai gaskiya da shari'a ta tabbatar, domin hadisin Abu Huraira a Muslim ya fifita ladan dinarin da aka ciyar ga iyali a kan sauran dinaran alheri, hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas kuma ya nuna cewa har lomar da miji ya sa wa matarsa a baki tana da lada. Wanda ya biya kuɗin jirgi da masauki da tikiti, sannan ya bar yara da yunwa da zuciya a ɓace saboda kuɗin faranti ɗaya, ya lalata mai yawa don ya tsare kaɗan, kuma wannan taƙtiri ne ko da ya kira shi tattali. Sai dai abin da hujjar ta rusa shi ne ciniki da yara a gaban mai sayarwa, wanda shi ne halin da marar kasafi ke faɗawa idan aljihu ya fara sauƙi a kwana na uku. Wanda ya ware kason ƙawa tun daga gida yana iya cewa to da sakin fuska, domin ya san abin da ya bayar bai taɓa na gobe ba, kuma kyautar da aka yi da kwanciyar rai ta fi wadda aka yi ana ƙunƙuni.

Akwai kuma fa'idar tarbiyya da ba a cika ambata ba. Yaron da aka danƙa wa kasonsa na yini aka ce ya zaɓa tsakanin askirim yanzu da wani abin daga baya yana koyon cewa dukiya tana da iyaka kuma zaɓi yana da sakamako, wanda shi ne farkon rushdi, wato iya riƙon dukiya, da aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta sa ya zama sharaɗin miƙa wa maraya kayansa. Adalci tsakanin 'ya'ya ma yana sauƙaƙa idan kason kowa sananne ne, domin in ba haka ba mai yawan kuka ne ke samun rabo mafi girma. Wannan hukunci bai taƙaita ga Orlando ba, ya shafi magidancin da ke kai iyalinsa gidan namun daji na Audu Bako a Kano ko Magic Land a Abuja ko gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai a ranakun yawon salla, domin a can ma tsadar abin sha a cikin katanga da roƙon yara da kunyar idon jama'a duk suna nan, adadin kuɗin ne kawai ya bambanta, kuma Hausawa sun riga sun taƙaita ƙa'idar da cewa daidai ruwa daidai tsaki.

Hukuncin da ya fito daga wannan bayani shi ne tsadar abinci a dandalin shaƙatawa ba ta mayar da sayensa israfi, matuƙar mai saye ya san farashin kuma yana da halin biya. Israfi yana tabbata ne idan an ci bashi don ƙawa, ko an tauye haƙƙin da ya riga ya wajaba, ko an ci fiye da buƙata don an riga an biya, ko an zubar da abinci a kwandon shara, rowa kuma tana tabbata idan an bar iyali cikin yunwa da ƙishi da ɓacin rai alhali akwai hali. Kasafin da aka tsara kafin tafiya da shawarar uwargida, wanda ya fara da larura ya kuma ware wa ƙawa rabonta, shi ne hanyar da ta fi kusa da kuɓuta daga laifin biyu, magidancin da lissafinsa ya nuna cewa ba zai iya ciyar da iyalinsa a wurin ba sai da bashi kuwa, abin da ya fi masa shi ne ya rage kwanakin tafiyar ko ya ɗage ta zuwa lokacin da ya sami yalwa.